Sarkin Yaƙin da ke Kwance a Abuja: Tunawa da Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali



'Yan uwa mazauna Abuja da kewaye, na Dei-Dei da Karmo da Gwagwa da Zuba, har da na Nyanya da Mararaba, da duk wanda Allah Ya sa ya leƙo wannan shafi daga inda yake, ina gaisuwa. Ya kasuwa, ya haƙuri da zaman Abuja?

Yau na ɗan ajiye maganar tsadar haya da rusau da muka saba tattaunawa a nan, zan taɓo tarihi. Ni dai ba malamin tarihi ba ne, karatuna bai wuce sakandare ba, daga nan rumfar mahaifina na koma. Amma akwai labarin wani soja da na daɗe ina son in rubuta, domin labarinsa ya ratsa ta cikin gidanmu, kuma na tabbata ya ratsa ta gidajen da yawa daga cikinku, ko kun sani ko ba ku sani ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, a bangon rumfarmu akwai wani hoto da Baba ya yanko daga jarida ya liƙa da salatif. Ƙura da man kifi sun sa takardar ta yi ja. Hoton wani siririn soja ne cikin kakin fagen daga. Kwanakin baya wani yaro da aka kawo mana daga gida domin ya koyi kasuwa ya tsaya yana kallon hoton, sai ya ce da ni, "Yaya, wannan sojan ɗan uwan Alhaji ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To me ya sa aka liƙa shi a nan?" Na ce masa ai Abu Ali ke nan. Yaron nan ya ce wallahi bai taɓa jin sunan ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin a 2016 babu rumfar mai shayin da za ka zauna a garin nan ba ka ji ana maganarsa ba.

YADDA BAGA TA SHIGO GIDANMU

Mahaifina mutumin ƙasar Haɗeja ne. Ya zo Abuja tun kafin a haife ni, 'yan shekaru bayan gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991. Sana'arsa sayar da kifi banda, kuma duk wanda ya san wannan sana'a ya san cewa uwarta Baga ce. Baga gari ne a ƙaramar hukumar Kukawa ta jihar Borno, a gaɓar Tafkin Chadi, kuma kusa da ita akwai Doron Baga inda masunta ke sauke kifi. A can ake banda tarwaɗa da sauran kifaye, a ɗure a kwali, a yi lodi zuwa Maiduguri, daga nan a rarraba zuwa Kano da Abuja da Onica da Legas. Da yawa daga cikin masunta da dillalan wurin Hausawa ne da suka je daga Sakkwato da Kebbi da Kano da Jigawa. Wato su ma neman abinci ne ya kai su garin wasu, kamar yadda ya kawo mu nan.

Ranar Asabar 3 ga Janairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka afka wa Baga, suka ƙwace sansanin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi da ke wurin, sannan suka bi gari da ƙauyukan kewaye suna kisa da ƙone-ƙone na kwanaki. An yi saɓani a kan yawan waɗanda suka mutu. Gwamnati ta ce ba su wuce 150 ba, wasu mutanen yankin kuma suka ce sun kai 2,000. Ƙungiyar Amnesty ta fitar da hotunan tauraron ɗan'adam da suka nuna an lalata gine-gine fiye da 3,700 a Baga da Doron Baga. Wasu sun tsere ta kwale-kwale zuwa tsibiran Chadi, wasu sun yi ta tafiya a ƙasa cikin daji har Maiduguri.

A lokacin ina ƙaramar sakandare. Abin da na fi tunawa shi ne Baba zaune a kan tabarma bayan sallar isha'i, yana ta kiran lambar dillalinsa, mutumin da suka shekara fiye da goma suna hulɗa, wayar ba ta shiga. Akwai kuɗin kaya masu yawa da ya tura masa, kuma rabin kuɗin nan bashi ne. Amma ban taɓa jin ya ambaci kuɗin ba, abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "Allah Ya sa yana da rai." Sai bayan makonni aka ji muryarsa daga wani sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, ya tsira da rigar jikinsa kawai, wasu daga cikin iyalinsa kuma ba a san inda suke ba.

Kada mu manta kuma da halin da mu kanmu muke ciki a Abuja a wancan zamani. An tayar da bam a tashar motar Nyanya ranar 14 ga Afrilun 2014, an sake tayarwa a wata cibiyar kasuwanci a Wuse a watan Yunin shekarar. Bam ba ya tambayar yare, ya kashe namu ya kashe na wasu. Amma duk da haka, mai doguwar riga da hula in ya shiga mota da jaka a hannu sai ka ga ana matsawa. Waɗanda suka girme ni sun fi ni sanin zafin wannan kallo. Ga tsoron bam, ga zargi, ga kasuwa ta tsaya.

WANE NE MUHAMMAD ABU ALI?

An haifi Muhammad Abu Ali ranar 15 ga Agustan 1980. Asalinsa ɗan Bassa-Nge ne a jihar Kogi. Mahaifinsa, Birgediya Janar Abu Ali, ya yi gwamnan soja a jihar Bauchi daga 1990 zuwa farkon 1992, kuma bayan ya yi ritaya ya zama Etsu, wato sarkin Bassa-Nge. Kun ga ke nan ɗan sarki ne, ɗan tsohon gwamna. Irin waɗannan yara mun san inda aka saba ganinsu a garin nan, ba a bakin daga ba.

Ya yi sakandaren sojoji ta Command a Jos, ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna a 1998 cikin kwas na 50, ya fito da anininsa a 2003 a sashen tankokin yaƙi. Ya je aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya da kuma Darfur ta ƙasar Sudan, kafin yaƙin Arewa maso Gabas ya kira shi.

Domin mai karatu ya gane nauyin abin da ya yi, sai ya tuna yadda sojojinmu suke a 2014. Shekarar ce aka sace 'yan matan Chibok. Shekarar ce Gwoza ta faɗi har aka yi shelar kafa daula a cikinta, Bama ta faɗi, Gamborun Ngala ta faɗi, Mubi ta faɗi. A watan Mayu wasu sojoji suka yi bore a barikin Maimalari na Maiduguri saboda fushin yadda ake kashe 'yan uwansu. A watan Agusta ɗaruruwan sojoji suka tsallaka cikin Kamaru. Ƙananan sojoji na kukan rashin makamai, ana gurfanar da wasu a kotun soja bisa laifin ƙin zuwa yaƙi. A taƙaice dai, zuciya ta karaya. Kuma masana yaƙi sun ce in zuciyar soja ta karaya, ko wace irin bindiga ka ba shi ba za ta yi aiki ba.

ƘWATO BAGA

A farkon Fabrairun 2015 aka ɗage babban zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, aka ce sojoji na buƙatar mako shida. Mutane da yawa sun ɗauki maganar siyasa ce kawai, har Baba ma haka ya ɗauka. To amma a cikin waɗannan makonni an kawo sababbin makamai, ciki har da tankoki samfurin T-72, sojojin Chadi da Nijar da Kamaru su ma suka matso ta iyakokinsu. A tsakiyar watan aka ƙwato Monguno. Ranar 21 ga Fabrairu rundunar soja ta ba da sanarwar cewa an ƙwato Baga. Wanda ya jagoranci tankokin da suka buɗe hanya a wannan gumurzu shi ne Manjo Muhammad Abu Ali.

Wani zai ce ai wanda ke cikin tanka ya fi kowa tsira, ina jarumtar take? Haka ni ma na ɗauka, sai da wani tsohon soja da ke sayen kifi a wurinmu ya fahimtar da ni. Ya ce tanka ita ce ke gaba, saboda haka ita ce ke fara taka nakiyar da aka binne a hanya, ita ce maharba roka ke nema, ita ce kuma mai motar ƙunar baƙin wake ke auna wa. Ga zafin ƙarfe a ranar Borno, ga ƙarancin gani, domin na ciki ta 'yar kafa yake hangen waje. Ya ce kwamanda yana da damar ya tsaya a baya yana ba da umarni ta rediyo, babu wanda zai ce ya yi laifi. Wanda ya zaɓi ya shiga tankar farko, to ya san abin da ya zaɓa.

Abin da sojojin da suka yi aiki a ƙarƙashinsa suka yi ta faɗa wa 'yan jarida ke nan: ba ya tura yara gaba shi ya tsaya a baya. Sun ce yakan gaya musu su dai su kasance a faɗake su kula da rayukansu, mafi yawan aikin shi da tankokinsa za su yi. Sun ce mutum ne marar hayaniya, marar girman kai, wanda in ka gan shi ba za ka ce shi ne ba. Daga nan sunan Sarkin Yaƙi ya bi shi. Ba gwamnati ce ta naɗa masa wannan rawani ba, bakin mutane ne, kuma a ganina wannan ita ce karramawa ta farko da ya samu.

Ranar da labarin Baga ya iso, Baba ya sa aka dafa shinkafa aka rabar sadaka. Ba don kifi zai dawo gobe ba, domin bai dawo ba. An daɗe hanyar na rufe, sojoji kuma suka hana cinikin kifin tafkin na tsawon lokaci saboda mayaƙan na karɓar haraji a kansa. Dole Baba ya koma sayen kifin wasu wurare da na gona. Murnarsa ita ce an nuna cewa mutanen nan ba aljanu ba ne, ana iya korarsu.

KARRAMAWA TUN YANA DA RAI

A watan Satumban 2015, bayan an ƙwato Gamborun Ngala da ke kan iyakar Kamaru, Babban Hafsan Sojojin Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Yusuf Buratai, ya je garin da kansa. A can bakin daga, a gaban sojojin da suka yi yaƙin tare, ya liƙa wa Abu Ali sabon muƙami, daga Manjo zuwa Laftanar Kanar. A aikin soja ƙarin girma yana da lokacinsa, sai an cika shekaru an ci jarrabawa an bi layi. Shi kuwa an tsallakar da shi layin ne saboda jarumta, aka kuma ba shi lambar yabo ta Babban Hafsan.

Wannan karramawa ta fi burge ni a kan duk waɗanda suka biyo baya, saboda dalili biyu. Na farko, an yi ta yana raye, ya gani da idonsa, iyayensa da matarsa sun gani. Mu a ƙasar nan mun fi iya yabon gawa. Na biyu, an yi ta a inda aka yi aikin, a gaban shaidu waɗanda ba za a iya yi musu ƙarya ba. Da a wani otal na Abuja aka yi bikin, da sai a ce ai ɗan Janar ne, hanya aka yi masa. Amma a Gamboru kowane kurtu da ke tsaye a wurin ya san ko ya cancanta ko bai cancanta ba.

DAREN MALAM FATORI

Malam Fatori hedkwatar ƙaramar hukumar Abadam ce, can ƙarshen arewacin Borno a kan iyakar Nijar, kusa da Bosso. A daren Juma'a 4 ga Nuwamban 2016 mayaƙa suka kai hari a kan sansanin sojojin da ke garin. An kore su, amma a cikin wannan faɗa aka kashe Laftanar Kanar Abu Ali, kwamandan bataliyar tankoki ta 272, yana da shekara 36. Ya bar mata da 'ya'ya uku.

Ranar Litinin 7 ga Nuwamba aka yi jana'izarsa a nan Abuja, a Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa da ke wajen hanyar filin jirgin sama. Ba shi kaɗai aka binne a ranar ba, tare da shi akwai wasu dakaru shida. An lulluɓe akwatunansu da tutar ƙasa, aka yi musu faretin ban kwana kamar yadda al'adar soja take. Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa na lokacin, Malam Abba Kyari, shi ya wakilci Shugaba Muhammadu Buhari. Jaridu sun ruwaito cewa Janar Buratai da kansa ya kasa riƙe hawaye. A talabijin ɗin mai shayin unguwarmu muka kalla, wurin ya yi tsit, har masu gardamar ƙwallo suka yi shiru. Washegari Baba ya sayi jarida, abin da ba ya yi, ya yanko hoton nan.

Bayan watanni kaɗan aka ƙara masa wata karramawar. A Disambar 2016 sojoji suka shiga sansanin da ake kira Camp Zero a dajin Sambisa, a watan Maris na 2017 kuma rundunar ta gudanar da gasar harbi ta sojoji a cikin dajin, a wani filin harbi da aka sa wa sunan Laftanar Kanar Abu Ali.

Gaskiya kuma ba a ɓoye ta: nasarar da ya samo ba ta dawwama yadda aka so ba. A ƙarshen Disambar 2018 Baga ta sake faɗawa hannun mayaƙa, mutane suka sake gudu, sai a 2020 gwamnatin Borno ta fara mayar da su. Wannan bai rage komai daga aikinsa ba. Soja yana iya ƙwato gari, amma riƙe shi da raya shi aikin gwamnati ne da jama'a baki ɗaya.

SUNAYEN DA MUKE WUCEWA KULLUM

Sa wa wuri sunan jarumi ko sunan fagen da aka gwabza tsohuwar al'adar soja ce, kuma in ba a bi a hankali ba sai sunan ya rage, labarin ya tafi. Bari in ba da misali daga jihar su Abu Ali ɗin. Duk direban da ke bin hanyar Abuja zuwa Kudu ya san Lokoja, kuma a Lokoja akwai barikin Chari Maigumeri. Mutum nawa ne a cikinmu suka san ko wane ne shi?

Chari Maigumeri mutumin ƙasar Borno ne. Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru, ya yi yaƙin duniya na farko a ɓangarensu har suka ba shi lambarsu ta jarumta. Da Ingilishi suka kama shi, sai ya shiga rundunarsu a 1917, ya koma yana yaƙar Jamusawan a Gabashin Afirka. Ya kai muƙamin samanja na bataliya, ya yi yaƙin duniya na biyu a Habasha da Bama, wato Burma, ya samu lambar Military Medal ta Ingila. A 1953 ya yi ritaya aka ba shi kyaftin na girmamawa. Mutum ɗaya, manyan dauloli biyu masu gaba da juna duk sun shaida jarumtarsa. Yau sunansa ya zama kwatancen inda za a sauke fasinja.

Haka barikin Dodan da na Myohaung da na Arakan a Legas, da Kalapanzin a Kaduna: duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama inda kakanninmu suka yi yaƙi da Japanawa a 1944 da 1945, a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. A nan Abuja muna da barikin Mogadishu, sunan birnin Somaliya da sojojin Nijeriya suka shiga a Fabrairun 1941, muna da barikin Lungi, sunan garin da filin jirgin saman Saliyo yake, inda sojojinmu na ECOMOG suka yi sansani a shekarun 1990. Muna shiga mota mu ce "Mogadishu akwai sauka," ba tare da mun taɓa tambayar dalilin sunan ba.

Kuma wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Rundunar sojan Nijeriya tana ƙirga asalinta ne daga 1863, lokacin da wani hafsan jirgin ruwan Ingila, John Glover, ya tara mutum 18 'yan Arewa ya kafa ƙaramar runduna da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda ta yi zamanta a Legas. Su ma baƙi ne a garin wasu. Ba abin alfahari ba ne duka, domin rundunar da ta tsiro daga nan ce Turawa suka ci Kano da Sakkwato da ita a 1903. Amma daga nan ne Hausa ta zama harshen bariki na tsawon zamani. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ce ɗan Bassa-Nge ya yi jarumta a ƙasar Barebari, a rasa sunan da ya dace da shi sai na Hausa. A ƙasar Hausa ta dā, wanda ya yi fice a fagen fama sarauta ake ba shi, Jarmai ko Barde ko Sarkin Yaƙi, makaɗa su sa shi a waƙa, a yi masa kirarin da jikoki za su haddace. Wannan hanya tana da wani amfani da allon ƙofar bariki ba shi da shi: kirari yana tafe da labarinsa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ake bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Dā ranar 11 ga Nuwamba ake yi kamar sauran ƙasashen renon Ingila, daga baya aka mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Shugaban ƙasa da manyan hafsoshi sukan ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, kusa da Dandalin Eagle, a saki fararen tattabaru. Mu kuwa abin da muka fi sani game da ranar shi ne an rufe hanya, an hana mu isa kasuwa da wuri. Ni ma na sha yin wannan ƙorafi, Allah Ya yafe mini.

Maƙabartar nan ta hanyar filin jirgi kuma kullum ƙara cika take. A can aka binne Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da waɗanda suka rasu tare da shi a haɗarin jirgin sama na Kaduna a watan Mayun 2021. A can aka binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a watan Maris na 2024, inda Shugaba Bola Tinubu ya halarta da kansa, ya ba su lambobin girma na ƙasa, ya yi alkawarin gidaje ga iyalansu da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu. Wannan mataki ne mai kyau, kuma abin da ake fata shi ne ya zama doka ga kowa, domin mun sha jin koken matan ƙananan sojoji a rediyo a kan haƙƙin mazajensu da ya maƙale. Furanni sukan bushe cikin kwana uku, maraya kuwa kullum sai ya ci abinci.

Sai kuma mutum shidan nan da aka binne tare da Abu Ali. An karanta sunayensu a ranar, jaridu sun buga. A cikinsu akwai Musulmi akwai Kirista, akwai ɗan Arewa akwai ɗan Kudu. Babu filin harbin da na ji an sa wa sunan ɗayansu, babu mai liƙa hotonsu a rumfa, alhali yaƙin da ya ci shi shi ya ci su. Duk wanda zai yi wa Sarkin Yaƙi addu'a, ya haɗa da su.

Ga abin da ya fi taɓa ni a matsayina na wanda aka haifa a Abuja amma har yau in zai cike takarda sai an tura shi Haɗeja neman shaidar asali. Mutumin nan ɗan Kogi ne, ya yi karatu a Jos da Kaduna, ya zubar da jininsa a kan iyakar Nijar domin masunta Barebari da Hausawa da bai haɗa komai da su ba, aka kawo shi aka binne a ƙasar Gbagyi. Babu wanda ya tambaye shi takardar ƙaramar hukuma kafin ya shiga Baga. Idan ana iya mutuwa domin garin da ba na uban mutum ba, to ana iya zama a cikinsa da mutunci, kuma wajibi ne a kan mazaunin ya ɗauki garin nasa, ya kiyaye shi, ya san tarihin waɗanda ke kwance a cikinsa. Wannan ya hau kan masu kiranmu baƙi, ya kuma hau kanmu mu da muke zaune shekara talatin a wuri muna cewa ai mu cin rani muka zo.

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Ba mu da ikon ba da lamba ko sa wa titi suna. Abin da muke da shi shi ne baki da ƙwaƙwalwa da addu'a. Saboda haka ina roƙon iyaye da yayye, ku ba yara labarin nan. Malaman Islamiyyunmu da limamanmu, in watan Nuwamba ya kama ko ranar 15 ga Janairu ta zo, a sa waɗannan bayin Allah a addu'a. Wanda kuma yake da maƙwabciya matar soja da mijinta bai dawo ba, ya leƙa ya ga halin da yaranta ke ciki, ko da mudun shinkafa ne.

Shi kuwa yaron rumfarmu, na zaunar da shi na ba shi labarin tun daga Baga har Malam Fatori. Da Baba ya dawo daga masallaci ya tarar muna maganar, sai ya ce da shi, "Kai yaro, ka ga wannan? Ban taɓa ganinsa ba, bai san da ni ba, amma yana cikin waɗanda nake bin sunansu da addu'a bayan iyayena." Washegari na ga yaron ya samo leda mai haske ya rufe hoton da ita saboda ƙura.

Allah Ya jiƙan Muhammad Abu Ali, Ya karɓi shahadarsa, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya ba iyalan duk waɗanda suka rasa rayukansu a wannan fitina haƙuri, sojoji da farar hula. Allah Ya zaunar da Borno da Nijeriya baki ɗaya lafiya, Ya ba mu abin da muka fito nema cikin rufin asiri, amin.

Duk wanda ke da ƙarin bayani, musamman 'yan uwanmu da suka zauna a Baga ko tsofaffin sojoji da ke cikinmu, ƙofa a buɗe take. Inda na yi kuskure kuma a gyara mini.

 Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.